Filin da ke Tsakanin Masallacinmu da Cocinsu

An kai ni gidan miji a shekarar da kogi bai fito ba. Mutanen Hadejia da suka ga shekarun tamanin sun san shekarar da nake nufi. Ni 'yar cikin gari ce, kuma tun ina ƙarama na saba idan damina ta yi nisa kogi yakan cika ya malala cikin fadama. Sai ka tsaya a bakin gari ka ga ruwa iyakar ganinka, shinkafa ta ɗago kai a cikinsa, masunta suna ratsawa a kan gora ko a kwalekwale, fararen tsuntsaye sun rufe tudu kamar an shanya wanki. A irin wannan lokaci tarwaɗa da karfasa sukan yi arha har maƙwabci ya aiko maka da kwano guda kyauta, gari ya gauraye da ƙamshin banda. A shekarar aurena ba a ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Fadama ta bushe ta tsattsage, har ƙafar akuya takan faɗa cikin tsagar ƙasa ta karye.

Gidan mijina yana bayan ganuwa, a wata sabuwar unguwa da ke kan hanyar zuwa kogi. Shi tela ne a kasuwa, ni kuma sabuwar malamar firamare. Mahaifinsa ne limamin masallacin unguwar, kowa Malam yake ce masa, ni ma haka. Mahaifiyarsa kuwa Iya muke kiranta, gajeriyar tsohuwa mai kaifin baki, wadda ba ka taɓa ganin hannunta babu kaba. Saƙar tabarma ce sana'arta tun tana budurwa.

Idan ka fito daga masallacinmu ka miƙe gabas, za ka ratsa wani fili mai faɗi kafin ka iske coci. Ƙaramin coci ne, ginin ƙasa da rufin kwano, na ma'aikata da malaman makaranta da 'yan kasuwa waɗanda neman abinci ya kawo daga kudancin Kaduna da Filato. Iya ta ce a da filin nan kurmi ne. Goruba ce ta fi yawa, sai kanya da bagaruwa, da wata tsohuwar tsamiya da masu dawowa daga kogi suke hutawa a gindinta. Ni ragowar na tarar, kuma a kan idona ta ƙare. Masunci ba kifi, manomi ba shinkafa, sai kowa ya ɗauki gatari. Ba mugunta ce ta sa su ba. Damin itace ɗaya shi ne tuwon gida guda na ranar. Aka sare goruba aka tsaga ta azara, aka sare kanya aka kai wa masu gasa burodi. Ranar da aka kayar da tsamiyar, Iya ta ƙi cin abincin rana. Daga nan kabar saƙarta ma sai an kawo mata daga wajen Baturiya.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga Kirista ce 'yar Filato, ana kiranta Maman Tagwaye. Mijinta yana koyar da kimiyya a sakandare, ita kuma tana ɗinki a gida, kuma ita ce shugabar zumuntar matan cocin. Ta girme ni da kusan shekara goma. Wata safiya ina shanya sai na ji murya ta saman katanga.

"Malama, ina kwana? Don Allah idan kun shanye madara kada ki yar da gwangwanin."

Na ce to. Na ɗauka awo za ta yi da shi, ko ta zuba maɓallai. Da na tara guda huɗu sai na kai mata da kaina, don gaskiya ina son ganin cikin gidan. Tun daga bakin ƙofa na hango su: a gefen inda take wanke-wanke gwangwanaye ne jere reras a inuwar katanga, kowanne an huda gindinsa an cika shi da ƙasa da taki, kowanne da ɗan tsiro a ciki. Akwai mangwaro, akwai gwaiba, akwai zogale, amma wani iri ɗaya ya fi yawa.

"Wannan dogonyaro ne," in ji ta.

"Maina dai," na ce. "A nan maina muke cewa."

"To, maina. Ku da sunayenku."

"Ina za ki kai su duka? Gidan haya kike ciki fa."

Ta yi dariya ta ce ita ma ba ta sani ba. A garinsu uwarta ba ta taɓa jefar da ƙwallon mangwaro ba, ita ma hannunta ne kawai ya saba. Wasu takan bayar kyauta, wasu su tsufa su mutu a gwangwani, ta zazzage ta sake shukawa.

Tun daga ranar nakan leƙa ta idan na taso daga makaranta. Na koya mata miyar kuka da bandar tarwaɗa yadda muke yi, ita kuma ta sa na fara cin gwaten acca, wanda da farko na ce abincin marar lafiya ne, daga baya ni nake tambaya. Iya ta ɗan yi ƙorafi a kan yawan shigata gidan, har ranar da Maman Tagwaye ta gyara mata wata tsohuwar riga da ta yi shekara tana roƙon ɗanta tela ya gyara mata bai samu sarari ba. Daga nan ƙorafin ya koma kan mijina.

A damina ta uku da aurena aka yi iskar da ta canza mana komai. Bayan la'asar ne gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Mun saba da iskar farkon damina, amma a da kurmi yakan karya ƙarfinta kafin ta iso gidaje. Wannan karon babu abin da ya tare ta. Ta ɗebo yashin fadama ta watso mana, ta kwantar da dangogi, ta tsaga bangon gabas na masallaci tun daga sama har kusa da ƙasa. Ina cikin ɗaki na ji wata ƙara kamar an kifar da kwandon farantai a kan dutse. Rufin coci ne ya tashi gaba ɗaya. Ruwan da ya biyo baya ko ƙasa bai jiƙa sosai ba.

Washegari bayan sallar asuba Malam ya dakatar da mutane. Mijina ne ya ba ni labari. Malam ya ce duk wanda iska ta jefa wa kwano a gida ko a gona ya sani ba nasa ba ne, kuma kafin azahar yana so ya gan shi a ƙofar coci. Da hantsi na fito zan tafi makaranta na ga maza suna ratsa filin, kowa da kwano a ka, wani a lanƙwashe, wani a naɗe kamar tabarma. Wani maƙwabcinmu har ya riga ya kafe nasa a ƙofar garken awaki. Ya ɓanɓaro shi ya kai da sababbin ramukan ƙusa a jiki, yana ta rantsuwa cewa ajiya ya yi musu don kada ya ɓata.

Bayan kwana biyu Fasto ya zo godiya. Dogon dattijo ne daga kudancin Kaduna, ya yi shekaru yana aikin reluwe a Birniwa kafin ya zama fasto, Hausarsa kuwa ta fi ta wasunmu. Suka zauna da Malam a zaure. Ni da Iya muna tsakar gida daf da ƙofar zauren, tana saƙa, ina tsince shinkafa, amma kunnuwanmu duk suna can.

"Allah gafarta Malam, ko falle ɗaya bai ɓata ba," in ji Fasto. "Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ai haka ya kamata. Sai dai ko kun mayar da shi, baɗi ma iskar za ta dawo. Mu ma ga bangonmu can."

"Da kurmin nan yana nan..."

"Da yana nan," in ji Malam.

Daga nan suka koma zancen tsadar gero.

Da yamma na kwashe hirar na gaya wa Maman Tagwaye. Ta ajiye almakashi ta dube ni.

"Malama, ga su nan suna mutuwa a gwangwani, ga fili can yana ƙonewa a rana. Me ya hana?"

Ta ce za ta yi wa matan zumunta magana su kai wa Fasto. Ni kuwa ba zan iya tunkarar surukina da irin wannan zance ba, don haka na gaya wa Iya, ita kuma ta gaya masa lokacin da ta kai masa fura. Ban yi zaton zai ɗauka ba. Ashe ya ɗauka.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwarmu, wanda muke kira Bulama. Mata ba sa zuwa irin wannan taro, amma mijina yana dawowa na tsare shi sai da ya faɗa mini komai. Malam ya ce dasa itace sadaka ce da ba ta yankewa, ko da tsuntsu ne ya ci daga cikinsa. Fasto ya ce su ma abin da suka sani ke nan, ƙasa amana ce Allah ya ba ɗan Adam ya kula da ita. Kowa ya gyaɗa kai. Sai wani dattijo manomi ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ni tambaya gare ni. Tun zamanin kakanninmu, wanda ya dasa itace a wuri, wurin nasa ne. Yau su dasa, jibi 'ya'yansu su ce filin na coci ne. Wa zai ce ba haka ba?"

Wani daga cikin dattawan coci ya amsa ya ce su ma irin wannan zancen ake yi a wajensu: idan unguwa ta dasa nata rabin, wata rana za a ja katanga a toshe musu hanyar shiga gari. Daga nan murya ta fara tashi. Bulama ya ce a je a yi tunani.

Mako biyu aka yi ba wanda ya sake tayar da maganar. Ni da Maman Tagwaye mukan gaisa ta saman katanga a gajarce, kowacce tana jin kunyar abin da mutanenta suka faɗa. Damina kuma tana tafiya.

Iya ce ta warware. Wata rana Malam yana cin abinci, ita tana gefe da kabarta, ni ina kwashe kwanuka, sai ta ce kamar da kanta take magana:

"Maza dai da son wahalar da kansu. Su su zo su dasa a ƙofar masallacinmu, mu mu je mu dasa a ƙofar cocinsu. In ga Kiristan da zai tashi gobe ya ce ƙofar masallaci tasa ce, ko Musulmin da zai ce ƙofar coci gadonsa ce. Ai garin nan gaba ɗaya sai ya yi masa dariya. Tsakiyar kuma a bar wa Bulama, hanyar kowa ce."

Malam bai ɗago kai ba. Ya gama cin abincinsa ya wanke hannu ya fita. Washegari muka ji ya kai wa Bulama wata shawara da ya ce Allah ya kawo masa, kuma kowa ya yarda da ita, har dattijon nan manomi. Iya ta ce, "Ka ji shi. Ya ɗauki maganata ya naɗa mata rawani." Amma ranar tana ta waƙa ƙasa-ƙasa a kan saƙarta.

Wata Asabar muka yi dashen, don Juma'a tamu ce, Lahadi tasu. Gwangwanayen Maman Tagwaye ba su isa ba, sai mijinta da nawa suka samo ƙari daga ofishin gandun daji. Har yanzu ina ganin ranar. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, matan zumunta sun zo da zane iri ɗaya suna haƙa ramuka a jikin bangon masallacinmu da aka liƙe da sabuwar laka, suna waƙoƙinsu a hankali don kada su dame mu. Mazanmu kuma suna can ƙofar coci da fartanya da magirbi. Da azahar ta yi ladan ya kira salla, matan suka ja baya suka zauna shiru a kan bokitansu har aka idar. Ni na yini ina kai da kawowa tsakanin ɓangarorin biyu da tire cike da tsiro a kaina, ranar ban san inda gajiya take ba.

Kafin damina ta sake zagayowa kusan duka sun mutu.

Ba wani abin mamaki ba ne idan na tuna yanzu. Mun dasa mun tafi, kowa yana ganin ɗan'uwansa zai ba su ruwa. Ba mu kewaye su ba, awaki kuwa da rani ko takarda suka samu ci suke yi. Abin da awaki suka bari zafin bazara ya ƙarasa. Wata yamma muka zaga filin ni da Maman Tagwaye, muka ga 'yan ƙalilan ne ke da sauran ganye. Ta durƙusa ta taɓa wani busasshen tsinke da ta ce mangwaron garinsu ne, sai na ga hawaye. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba. Sai na ce, "Yaya, ai akwai sauran gwangwani." Wannan ne karo na farko da na kira ta Yaya, kuma ban sake kiranta da wani suna ba.

A karo na biyu mata ne muka riƙe abin tun daga tushe. Yawancin matan unguwarmu ba sa fita, amma kowacce tana da inuwar katanga da ruwan ɗauraya. Na bi gida-gida da gwangwanaye da 'ya'yan maina, ita kuma Yaya tana biye da ni tana nuna yadda ake haɗa ƙasa da taki. Gidajen da ba ta taɓa shiga ba ta shiga, ta fito da ƙullin daddawa ko kuka. Aka shiga gasa, kowacce tana so a ce nata ya fi tsawo. Iya ta tara tsofaffi irinta suka saƙa kewaye da kara da ragowar kaba, maza suka yanko ƙaya daga nesa suka zagaye kowane rami. Ladanmu kuma, mutum marar yawan magana, shi ya lura cewa ruwan alwala na salloli biyar kullum a banza yake bin ƙasa. Ya binne rabin ganga a ƙarƙashin wurin alwala ya yi mata 'yar hanya. Da wannan ruwan matan zumunta suke shayar da itatuwan ƙofar masallaci. Wata daga cikinsu ta taɓa tambayata ko babu laifi su taɓa shi. Na tambayi Iya, ta tambayi Malam, ya ce ruwa ne, ya gama aikinsa na farko ya shiga na biyu.

Sannan aka raba kwanaki. Kowane ɓangare da ranakunsa, amma Juma'a su ne suke shayar da filin gaba ɗaya, Lahadi kuma mu. A waɗannan shekarun azumi cikin tsananin bazara yake faɗowa, lokacin da mutum ko tafiya daga ɗaki zuwa madafi sai ya huta. Ba mu roƙe su ba. Ana gobe ɗaukar azumi Yaya ta leƙo ta ce, "Ku ajiye bokitanku sai bayan salla." Wata guda cur su kaɗai suka yi ta jan ruwa daga rijiyar bakin fadama, safe da yamma. Idan an kusa shan ruwa sai ka ga kwanukan ƙosai da kunun tsamiya suna fita daga gidajenmu zuwa nasu. Da Kirsimeti kuma yawancinsu sukan tafi gida mako biyu ko uku, su bar mana filin da makullan gidajensu da kajinsu, su dawo da dankalin turawa da citta.

Iya ba ta yarda da maina sosai ba. Ta ce inuwa ce kawai, ba a saƙa da ita, ba a ci. Sai ta riƙa tara ƙwallon goruba tana binnewa a tsakanin layuka, ba ta shawarci kowa ba. Wata rana Fasto ya iske ta tana tono da guntun fartanya.

"Iya, goruba fa ba ta sauri. Wa zai ci wannan?"

"Wadda na ci ina yarinya, ka ga lokacin da na shuka ta?" in ji Iya, ba ta ko ɗago ba.

Ya yi dariya ya karɓi fartanyar ya ƙarasa mata ramin.

A cikin waɗannan shekarun na haifi 'yata ta fari da mai bi mata. Yaya ce ta ɗinka musu kayan suna. Itatuwa suka kai ƙugu, suka kai kafaɗa, suka wuce kai.

Akwai rana ɗaya da ba na mantawa, a farkon shekarun casa'in. An yi kwanaki rediyo yana kawo labarin rikici tsakanin Musulmi da Kirista a wasu garuruwa masu nisa. A wajenmu babu abin da ya faru, amma jita-jita ta cika kasuwa. Iyalai biyu ko uku daga cikin mutanen coci suka tafi gida ba sallama. Ranar Asabar na shiga wajen Yaya na tarar ta ɗaure kayan sawa a zane ta jingine a bayan ƙofa.  Muka yi zancen tsadar atamfa kamar baƙi.

Washegari Lahadi, ranar shayarwarmu ce. Wasu suka ce a bari sai ƙura ta lafa, zuwa ƙofar coci da taro a irin wannan lokaci zai iya jawo magana. Da hantsi ina tsakar gida sai na ga Malam ya fito daga turakarsa ya ɗauki bokitin wankina. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi ba. Na tashi zan karɓa, ya ɗaga mini hannu. Ya cika shi a randa ya fita, yana tafiya yana karkacewa, ruwa yana zuba a kan rigarsa. Mijina ya sa takalmi ya bi shi da gudu. Na yafa mayafi na tsaya a bakin zaure ina kallo. Kafin Malam ya kai tsakiyar fili maza sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wani da garwa, wani da tulu, har da dattijon nan da ya yi tambaya a gaban Bulama.

Itatuwanmu a ƙofar coci suke, don haka can suka nufa. Mutanen da suka yi ƙarfin halin zuwa sujada ranar ba su da yawa, ana jin waƙarsu siririya daga ciki. Mazanmu suka shayar da itatuwan, suka gama, amma Malam bai tafi ba, sai suka sake shayarwa. Suka yi ta zuba ruwa har gindin kowace maina ya zama kududdufi. Ba su bar wurin ba sai da aka tashi. Fasto ya fito ya tsaya a bakin ƙofa ya dube su, ya dubi taɓon da suka yi.

"Sannunku da aiki, Allah gafarta Malam."

"Yawwa, sannu. Yau ranarmu ce."

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan. Da na shiga wajen Yaya ranar Litinin, ƙullin kayan ba ya bayan ƙofa.

Kogi ya riƙa fitowa a wasu shekarun, amma bai koma kamar da ba. Masana suka ce madatsun da aka yi a sama ne, masunta suka ce ciyawar kachalla ce ta toshe hanyoyin ruwa, wataƙila duka gaskiya ne. Wannan ya fi ƙarfin unguwarmu. Abin da muka iya shi ne filin nan, kuma ya yi. Iskar gabas takan zo ta yi ta kuka a cikin rassa ta iso mana a gajiye. Masu dawowa daga kogi suka sami wurin sauke kaya. Wata mai ƙosai ta kafa kasko a tsakiya, mai gyaran keke ya biyo ta, 'yan Islamiyya suka dawo karatu a inuwa da yamma, matan zumunta kuma sukan yi koyon waƙa a ɗaya gefen ranar Alhamis. Wani lokaci muryoyin sukan haɗu a tsakiyar fili, ba wanda ya taɓa kai ƙara.

Iya ta rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya. Gorubarta a lokacin ba ta wuce gwiwa ba, amma ta yanki kaba a jikinta sau biyu ta saƙa mafici. Matan zumunta suka zo gaisuwa suka cika tsakar gida, suka karɓe madafi kwana uku ba su bar mu mun taɓa muciya ba. Fasto ya zauna a zaure kusa da Malam tun safe har la'asar.

Bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa da 'yan shekaru ma'aikata da yawa daga wasu jihohi suka fara komawa gida. Mijin Yaya ya daɗe yana jinkiri, daga baya ya sami aiki a kusa da garinsu. Tagwaye sun girma, iyayensa sun tsufa. Ta gaya mini wata biyu kafin tafiyar, muka yi wata biyun muna yi kamar ba a faɗa ba.

Ranar tafiya suka ɗauko babbar mota ta zo har ƙofar gida. Aka loda gadaje da kujeru da buhuna, aka ɗora keken ɗinkinta da katifu a can sama aka ɗaure da igiya. Unguwa duk ta fito. Hanyar fita zuwa titi ta tsakiyar filin take bi, kuma da motar ta iso wurin sai ta tsaya. Rassan maina daga hagu da dama sun haɗe a sama, lodin ya fi su tsawo. Direban baƙo ne. Ya sauko ya duba, ya buɗe bayan kujerarsa ya zaro adda.

Ban san wa ya fara ihu ba. Na dai ji ladan, mutumin da ba ya ɗaga murya sai a kiran salla, yana cewa, "Kai! Kai! Ajiye!" Matan zumunta suka yi caa, mazanmu suka yi caa. Direban ya tsaya da adda a hannu yana kallonmu, ya ce reshe biyu ne kawai. Bulama ya ce ko ganye biyu ne. Sai aka kwance igiya aka sauke katifu da keken ɗinki, motar ta wuce a hankali ganye yana share mata rufi, mutane suka ɗauki kayan a ka suka bi ta har ƙarshen itatuwa aka sake lodawa. Mijina da wani dattijon coci ne suka ɗauki keken, suna tafiya suna gardamar wanda ya fi riƙe wajen nauyi.

Yaya ta yi ta dariya har ta riƙe ciki, daga dariyar kuma ta wuce kuka. Ta rungume ni a gaban mutane, abin da ba mu saba ba. Ta durƙusa ta gaida Malam, ya sa mata albarka ya ce Allah ya kai su lafiya, ya raya zuriya. Ta shiga gaban mota ta leƙo ta taga.

"Malama, ki rubuto fa."

"Zan rubuto, Yaya."

Na rubuta sau uku, ta amsa sau biyu. Wasiƙarta ta biyu ta ce sun sake ƙaura zuwa wani gari, za ta aiko da sabon adireshi idan sun zauna. Gidan nasu wani ma'aikacin asibiti ne ya shiga da iyalinsa, mutanen kirki, mun zauna lafiya da su shekaru da yawa. Adireshin dai bai zo ba.